B-25B na harin Doolittle a ma'aunin 1/48: samfurin da ya san abin da aka cire

Duk samfurin jirgin harin Doolittle (wato ɗan ƙaramin kwaikwayo da ake harhaɗawa na jiragen da Amurka ta kai wa Japan hari da su a Yaƙin Duniya na Biyu) da ya shigo hannuna, ba yawan gutsattsarin da ke cikin kwalin nake fara dubawa ba. Abin da nake nema shi ne ko masu ƙera shi sun san kayan da aka rage wa jirgin. Jirage 16 da suka tashi daga kan jirgin ruwan yaƙin Amurka na Hornet ranar 18 ga Afrilu, 1942, ba kamar sauran B-25B suke ba. An cire musu mazaunin bindigar da ke ƙarƙashin ciki, an cusa ƙarin tankunan mai duk inda aka ga sarari, domin tafiyar ta fi ƙarfin jirgin. Wannan samfurin na roba, mai ma'aunin 1/48, wato ɗaya bisa 48 na girman jirgin gaske, ya ci jarrabawar. Akwai marfin toshe gurbin bindigar, akwai tankin da ke zama a rumbun bama-bamai, takardar bayanin ma ta nuna abin da za ka bari a kwali.

Abin da ya fi burge ni wasu 'yan siraran sanduna biyu ne, da ƙyar hantsaki yake riƙe su. Jelar jirgin ba ta da bindiga, sai aka kafa sandunan tsintsiya aka shafa musu baƙin fenti, don matuƙin Japan da ya biyo ta baya ya yi tunani sau biyu. Haka na'urar saitin bom. An ajiye ta Norden mai tsada saboda gudun kada ta faɗa hannun abokan gaba, aka sa wata da Kyaftin Ross Greening ya ƙirƙira, wadda kayan haɗa ta ba su wuce santi 20 na kuɗin Amurka ba. Ita ma tana nan, kuma ana hango ta ta gilashin hanci. Mutum yana liƙa ta yana tuna cewa mutum 80 ne suka shiga waɗannan jirage, biyar-biyar, wata huɗu bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a Disamba 1941, sun kuma san ba za su iya dawowa su sauka kan Hornet ba.

Jikin jirgin da fukafukan suna haɗuwa lafiya lau, ɗan gam mai ruwa-ruwa da shafar samfefa kaɗan sun isa. Wahalar tana gaba. B-25 tayarsa ta uku a hanci take, don haka samfurin da ba a sa masa nauyi ba zai zauna daɓas kan jela, hanci sama. Hancin kuwa gilashi ne zalla, ba inda za ka ɓoye dalma. Ni dai na daddatsa tawa ƙanana na tura ƙarƙashin daɓen matuƙa da gaban mazaunin injina, kuma kafin in liƙe ɓarin jikin biyu sai da na ɗaure su da salatif na gwada ko zai tsaya. Takardar ta yi gaggawa a nan, ga shi kuwa a nan ne sabon shiga zai fi buƙatar a riƙe masa hannu. Rufe gilasan kafin fenti ma aikin haƙuri ne, tagogin ƙanana ne ga yawa.

Fentin ba shi da rikici: koren soja a sama, toka-toka a ƙasa, baƙi a bakin fukafukai. Tamburan da ake jiƙawa a ruwa sun kwanta sumul, kuma tauraron na da jan ɗigo a tsakiya, yadda ya kamata, don sai a watan Mayun 1942 Amurka ta daina sa shi saboda yana kama da tambarin Japan. Na zaɓi lamba 40-2344, jirgin Laftanar Kanar James Doolittle, jagoran harin, wanda ya fara tashi da filin gudu ƙafa 467 kacal.

Ɓarnar da suka yi a Tokyo da Nagoya da Kobe ba wata mai yawa ba ce. Doolittle da kansa, da ya ga duka jiragen sun salwanta, 15 a China da gaɓarta, ɗaya an riƙe shi a Tarayyar Sobiyet, ya ɗauka kotun soja ke jiran sa. Sai ga lambar girma mafi daraja da muƙamin Birgediya Janar, domin Amurkawa sun samu abin da suka rasa tun Disamba, wato ƙwarin gwiwa. Inda nake da ƙorafi shi ne ɗan tarihin da ke bayan takardar: ya kawo wannan duka, amma bai ce uffan ba kan dubun-dubatar 'yan China da sojojin Japan suka kashe a Zhejiang da Jiangxi don sun taimaki matuƙan. Na rubuta nawa layin a ɗan allon da na kafa gaban jirgin.

Wanda bai taɓa haɗa samfuri ba ya fara da jirgi mai inji ɗaya tukuna. Wanda ya saba da gam da salatif kuwa, wannan ya cancanci kuɗinsa, ya dai nemi dalmarsa tun kafin ya buɗe kwalin.