Hattara da masu sayar da tsohon katin hoto da sunan GTX 1050 Ti

Jama'a, duk wanda ke tara kuɗi don ya haɗa kwamfutar gem da hannunsa, ko yake da ƙane ko ɗa da ke wannan shirin, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. A gidanmu abin ya faru, da ƙanena, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Wata bakwai yaron nan yana tara kuɗi daga ɗinkin da yake yi bayan an tashi daga makaranta. Da kaɗan-kaɗan ya sayi Core i5 na hannu, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da madabod, allon da ake jona komai a kansa, da ram gig 8. Saura katin hoto, wato GPU, wanda shi ne ke zana hotunan gem ɗin a allo. Ya zaɓi GTX 1050 Ti na kamfanin Nvidia, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi zaɓin ba laifi, don wat 75 kawai yake ci, ko a kan ƙaramin janareta ko inbata ba zai wahalar da mutum ba. Sai ya ci karo da talla a Facebook: sabo fil a kwali, farashinsa ƙasa sosai da na kasuwa. Suka koma WhatsApp. Mutumin ya turo bidiyo, ga kati a cikin kwamfuta, ga Windows ta rubuta sunansa ɓaro-ɓaro da gig 4. Ya ce kaya ne suka sauka daga Legas, saura guda uku, "ƙanena, in ba ka tura yau ba, wallahi gobe babu." Yaro ya tura kuɗi, aka sa kaya a mota, ya je tasha ya karɓo yana murna.

A cikin kwalin akwai ɗan faifan CD da takarda da aka rubuta cewa kada a sauke direba, wato manhajar da ke sa katin aiki da Windows, daga intanet, a yi amfani da na faifan kawai. Bai kawo komai a ransa ba. Ya kunna GTA V, minti goma bai cika ba allon ya cika da ɗigo-ɗigo kore da ja, sai gem ya rufe kansa. Ya sake, haka. Ya sauke sabon direba daga shafin Nvidia, direban ya ƙi hawa. Wajen ƙarfe sha ɗaya na dare ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce, "Yaya, zo ka duba min, kamar ni ne ban iya haɗawa ba."

Ko kwamfutar ban kunna ba na gane. Na juya bayan katin, sai ga ramin VGA, shuɗin nan mai ƙananan huji 15 da ake jona tsohuwar monita. Katunan GTX 10 da Nvidia ta fitar a 2016 ba su da hanyar fitar da hoto irin ta VGA, HDMI da DisplayPort da DVI ake samu a jikinsu. In ka ga an ce GTX 1050 Ti ne ko GTX 1060 kuma ga shuɗin ramin nan, ka riƙe kuɗinka.

Na sauke GPU-Z, ƙaramar manhaja ce kyauta mai nuna bayanan katin hoto. Tana buɗewa ta rubuta FAKE a gaban sunan katin, ta sa alamar gargaɗi inda tambarin Nvidia ya kamata ya fito. A gurbin shaders, wato ƙananan sassan da ke yin lissafin hoto a cikin katin, ta nuna 192, alhali GTX 1050 Ti na gaskiya 768 gare shi. Don in kawar da shakka na kwance sukurori huɗun da ke riƙe da fanka, na goge man da ke kan ƙwaƙwalwar katin da auduga. GF106 aka rubuta a jiki. Na gaskiya GP107 ne. Abin da ƙanena ya saya GTS 450 ne, kati na shekarar 2010 mai gig 1, aka wanke shi, aka sa masa sabuwar riga da fanka.

Yadda suke yi shi ne, kowane kati yana da BIOS a jikinsa, shi ne ke gaya wa kwamfuta sunansa da yawan ma'adanarsa. Sai su goge na asali su rubuta ƙarya a ciki. Windows ba ta bincike, abin da katin ya faɗa mata shi take nunawa, shi ya sa bidiyon da mutumin ya turo ba haɗi ba ne, ƙaryar tana cikin katin kanta. Shi kuwa gem, da ya ji gig 4 sai ya fara loda hotuna, yana wuce gig 1 ɗin da ke akwai sai komai ya rushe. Maganar faifan CD kuma, Nvidia ta daina yi wa waɗannan tsofaffin katunan sabon direba tun 2018, dole su haɗo maka da tsohon da suka taɓa don ƙaryar ta zauna. Wani lokacin GTX 550 Ti suke sa wa rigar, shi ma 192 ɗin zai nuna.

Washegari muka kira mutumin. Da farko ya ce akwatin wutar kwamfutar ne ba shi da ƙarfi. Na tura masa hoton GPU-Z, ya ce a dawo da kaya zai canza, amma a fara turo kuɗin mota. Kafin azahar ya toshe lambobinmu biyu. Mun kai rahoto banki da wajen 'yan sanda, mun ba da lambar asusun da hotunan hirar, amma kuɗi dai har yau ba su dawo ba.

Akwai wata damfarar da ta fi wannan laushi, ta RX 580 mai gig 8, katin hoto na kamfanin AMD. RX 580 na ainihi shaders 2304 gare shi. A 2018 AMD ta fitar wa kasuwar China wani mai suna RX 580 2048SP, wanda a zahiri RX 570 ne aka ɗan ƙara wa gudu. Katin yana aiki, kuma in an faɗa maka gaskiya an rage kuɗi, ba laifi ka saya. Zaluncin shi ne a ɓoye 2048SP ɗin a karɓi kuɗin babban. Sannan tun da Ethereum, wani kuɗin kirifto, ta daina haƙa da katin hoto a watan Satumba na 2022, katunan da suka shekara da shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. Wasunsu lafiya lau suke, wasu an canza musu BIOS don haƙa, wasu an sake musu riga ana cewa sababbi ne. Duk wanda ya ce maka RX 580 ɗinsa sabo ne fil a yau, ka tambaye shi inda ya kwana tun 2017.

Ba a kati kaɗai suka tsaya ba. Akwai SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, da zai nuna tera 1 alhali cikinsa ɗan kaɗan ne, sai ka zuba kaya ka tarar sun lalace. Manhajar H2testw na cika shi taf ta karanta, ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Akwatin wuta kuwa, wato PSU, shi ne na fi tsoro, domin in ya ƙone yana iya tafiya da madabod da katin gaba ɗaya, ga yadda wutarmu ke hawa da sauka. In an rubuta wat 600 a jiki amma ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, babu sunan kamfanin da za ka iya nema, ka ajiye shi.

Roƙona ga 'yan'uwa shi ne, kada ku biya kuɗin katin hoto sai an jona shi a gabanku. Ku tafi da GPU-Z da FurMark, manhajar gwada juriyar kati, a filasha. Ku duba lambar shaders, ku sa direban da kuka sauke da kanku daga Nvidia ko AMD, ku bar FurMark ta gasa katin kamar minti 15 kuna kallon zafinsa da allon. Mai shago na gaskiya ba zai hana ku ba, zai ma ba ku kujera, ya rubuta muku rasit da kwanakin gwaji. In kaya daga wani gari ne, ku nemi wani naku a can ya je ya gwada kafin ku tura kuɗi. Hoto da bidiyo daga hannun mai sayarwa ba shaida ba ne, na nuna muku dalili.

Shekaranjiya ƙanena ya nuna mini tallar nan ta sake fitowa, hotuna iri ɗaya, tabarma ɗaya a ƙarƙashin kwalin, suna da lambar waya ne kawai aka canza. Yanzu GTX 1060 yake cewa yana sayarwa, kuma mutum biyu sun riga sun tambayi farashi a ƙasa. In kun gan ta, ku ƙara girman hoton ku dubi bayan katin, shuɗin ramin yana nan.