Akwatin Sabon Alkawari mai magana: abin da muka gani a zumuntar mata

Akwatin bai fi tafin hannu ba. Baƙi ne, da ɗan faifan hasken rana a bayansa da maɓallai biyar a gaba. A cikinsa akwai Sabon Alkawari gaba ɗaya da Hausa, daga Matiyu har Wahayin Yahaya. Mu matan zumunta na ikilisiyarmu a nan Tawa, a Nijar, muka yi karo-karo muka sayi guda biyu a wani shagon littattafan Kirista a Yamai, jaka 12 kowanne, aka aiko mana a mota. Ni ce magatakarda, saboda haka a hannuna suke kwana.

Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, amma yawancin iyayenmu mata ba su shiga lakwal ba. Waɗanda suka koyi karatu da girma kuma, ido ya fara ƙi. Kullum mu ƙanana ne muke karantawa, mu kuma yi bayani, su suna zaune suna cewa to. Wannan kuwa ya saɓa da abin da Manzo Bulus ya rubuta a wasiƙarsa ga Titus sa'ad da ya bar shi a tsibirin Karita. A sura 2 cewa ya yi tsofaffin mata su ne za su koya wa matasa ƙaunar mazansu da 'ya'yansu da riƙon gida. Matar fasto ta ce mu gwada akwatin da wannan wasiƙar, tun da gajera ce, sura 3 ce kawai, aya 46.

Muryar mai karatun a sarari take, ba ya sauri. Hausarsa ta Kano ce, ba ta Adar ba, amma ba wadda ta ce ta kasa ganewa. Abin da ya fi burge ni shi ne maɓallin tsayarwa, babba ne a tsakiya, ko da lalube za a same shi. Gwaggona, wadda ta tashi kusa da Galmi inda mishan suka buɗe asibiti a 1950, ita ta fara karɓa. Da aka kai aya 3 ta sura 2, inda aka ce tsofaffin mata kada su zama masu ɓata suna ko bayin giya, sai ta ɗora babban yatsanta mai jan lalle a kan maɓallin, ta dube mu ta ce, "'Ya'yana, giya dai ba ta dame mu ba. Bakin nan ne." Aka yi ta dariya. Daga nan ta juya wajen wata amarya da ke gefenta, ta yi mata magana a kan zama da uwar miji, maganar da ni ba zan iya yi ba ko na karanta ayar sau ɗari. Amarya ta sunkuyar da kai tana cewa, "To, Inna." Kuɗin akwatin ya fita tun daga ranar.

Dattawan ikilisiya ma sun ari guda. Nasu rabon yana aya 2, wato natsuwa da kamun kai da tsayawa daram cikin bangaskiya da ƙauna da jimiri. Wani Baba ya yi ƙorafi da wasa cewa an jibga musu kaya, samari kuwa abu ɗaya aka nema gare su a aya 6, kamun kai. Na ce, "Baba, ai ɗayan nan ya ishe su aiki."

Akwai abin da ban lura da shi ba sai da na ji surar ana karanta ta a jere ba yankewa. Bulus yana ta komawa kan idon na waje: kada a zagi maganar Allah, kada abokin gāba ya sami abin faɗi. A ƙasar da Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 ba a ƙidayar 2012, maƙwabciyarka ba ta san wa'azin Lahadi ba, halinka a bakin famfo ta sani.

To amma akwatin yana da nasa ciwon kai. Ba shi da allo, ba ya tsallakawa zuwa aya, sai littafi da sura. Titus shi ne littafi na 17 a Sabon Alkawari, ke nan daga Matiyu sai an danna sau 16. In hannu ya zarce, an wuce Filimon an faɗa Ibraniyawa. In baturi ya mutu ƙurmus kuma, ya manta inda aka tsaya, sai a koma Matiyu. Ƙararsa ta ishi ɗaki, amma a ƙarƙashin rumfa in iskar hunturu ta taso sai an matso kusa. Ƙura ma ta fara sa maɓalli ɗaya tauri, yanzu a cikin tsumma nake naɗe su. Cajin rana yana aiki, sai dai da hantsi nake shanya shi, don ranar tsaka ta watan Afrilu takan gasa robar har ba ta taɓuwa. Da wayar cajin salula ya fi saurin cika.

Babban abin lura shi ne karatu kawai yake yi, ba ya bayani. Aya 9 da 10 suna maganar bayi da iyayengijinsu. A yankinmu bauta ba tatsuniya ba ce, sai a 2003 doka ta sa mata hukuncin ɗauri, akwai kuma gidajen da miki bai warke ba. Ranar da muka kai wurin ɗakin ya yi tsit, sai da matar fasto ta yi bayanin zamanin da aka rubuta wasiƙar, ta kuma tuna mana da wasiƙar Filimon, inda Bulus ya roƙi a karɓi bawa a matsayin ɗan'uwa. Ba zan so a kunna wa 'yar aikatau wannan wuri a tafi a bar ta ba.

Samari da 'yan mata ba sa bukatarsa, suna da shi a salula. Ikilisiyar ƙauye da ba lantarki, ko zumuntar da tsofaffi suka yi yawa, su ya kamata su saya. In za ku aika Yamai, ku ce a kunna a shago a tabbatar na Hausa ne, domin akwai irinsa da Zabarmanci da Faransanci, kwalinsu kuwa iri ɗaya.