Jin abin da ke cikin salula ta rediyon mota: wanda zan saya da wanda ba zan ƙara saya ba

Shekara tara ke nan ina bin hanyar Maradi zuwa Damagaram da tsohuwar Corolla, wani zubin har Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600. Mai irin wannan zirga-zirga ya san yadda abin yake: ka fito gari da Anfani ko Saraounia a kunne, da ka yi nisa sai murya ta fara shaƙewa, can sai shuuu. Ga salula cike da tafsiri da karatu da waƙoƙi, amma ƙarar inji da iska ba sa barin ka ji komai daga ɗan bakinta. Hanyoyi huɗu na sani na shigar da wannan sauti cikin sifikun mota, kuma duk na gwada su da kuɗina.

Kaset mai igiya, wanda ake turawa cikin tsohon rediyo a soka bakin igiyar a salula, ba sai mun daɗe a kansa ba. Ƙurar hunturu ta riga ta kashe injin kaset a yawancin motocinmu.

Abin da aka fi saya shi ne ƴar na'urar nan da ake sokawa a ramin kunna taba, wadda masu shaguna ke ce wa MP3 ɗin mota. Ƙaramar tashar rediyo ce. Tana karɓar sauti daga salula ta Bluetooth, ko daga katin memori, ta watsa shi a kan lambar FM da ka zaɓa tsakanin 87.5 da 108, kai kuma ka kamo lambar a rediyonka. Ƙarfinta na ƴan mitoci ne kawai, shi ya sa a daji take yin daɗi, amma da ka shigo gari sai manyan tashoshi su danne ta. Akwai kuma abin da mai shago ba ya faɗa. Tsohon rediyon da aka yi domin kasuwar Japan daga 76 zuwa 90 yake kamawa, ke nan ɗan tsakanin 87.5 da 90 kaɗai ya rage maka. Na motocin Amurka kuwa lambobi masu mara yake bi, 88.1, 88.3, 88.5, ba ya tsayawa a 88.2. Mutum ya saita na'ura a inda rediyonsa ba ya zuwa, ya koma yana faɗa da mai shago a kan an sayar masa da matacciya.

Ni ba sautin ne ya raba ni da ita ba. Wata rana cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ƴar hular ƙarfen da ke bakin tawa ta kwance da girgizar hanya, ta faɗa cikin ramin, ta haɗa wuta. Fis ya tsinke, rediyo da agogo suka mutu tare, don a motata layinsu ɗaya. Wani mai gyara a bakin hanya ya ce: "Alhaji, ba ni da irinsa, amma bari in ɗaura maka abin da zai kai ka gida." Sai ya naɗa zaren tagulla a gurbin fis. Na amince saboda ina sauri da fasinja. Kwana biyu bayan nan, muna dab da Tasawa, wata baiwar Allah a baya ta ce: "Direba, ina jin ƙaurin roba." Da muka tsaya hayaƙi na fita ta ƙasan sitiyari. Allah Ya tsare, amma kuɗin sake wayoyi ya ninka kuɗin na'urar sau da yawa, kuma har yau idan na tuna akwai yara biyu a motar sai gabana ya faɗi. Tun ranar, tambayata ta farko a kan kowace na'ura ita ce me za ta yi wa wutar mota. Daɗin sauti daga baya yake zuwa. Kada ka yarda a sa maka waya a gurbin fis, kada kuma a sa na amfiya 30 inda aka rubuta 15. Aikin fis ke nan, ya tsinke kafin waya ta kama wuta.

Igiyar AUX mai baki milimita 3.5 tana da kyau ga wanda rediyonsa ke da ramin. Ga araha, ga sauti tas. Sai dai idan kana cajin salula a lokaci guda, sau da yawa za ka ji wani siririn kuka mai tashi da sauka tare da totur. Wasu sababbin salula ma ba su da ramin, iPhone ta cire shi tun 2016, ko da yake yawancin Tecno da Itel da ke hannun mutanenmu suna da shi.

Zaɓina shi ne a cire tsohon rediyon gaba ɗaya a sa wanda ke da bakin USB da na AUX, in da hali har da Bluetooth. Kuma na fi son na hannu na asali, Pioneer ko Kenwood ko Sony ko JVC da aka ciro daga wata mota, a kan sabo fil a kwali da ba a san mai ƙera shi ba. Nawa shekara huɗu ke nan, ya sha hanyar Dakwaro da ta Ɗan Isa, bai taɓa yi mini gardama ba. Yawancinsu girmansu ɗaya ne, faɗin santimita 18 da tsayin 5, don haka yana shiga gurbin yawancin tsofaffin Toyota da Peugeot ba tare da an yanka komai ba. Babban abin da ya ɗaure ni gare shi shi ne ya ƴantar da salula. Ka zuba abin da kake so a kile, wato ɗan memorin USB, ka soka, shi ke nan. Kira ba ya katse karatu, salula ba ta kwana a caji tana zafi a gaban gilashi, kai ma ba ka sunkuyar da kai kana lalube a hanyar da awaki da amalanke ke tsallakawa ba sallama. Idan ka kashe mota a tsakiyar tafsiri, ka tayar, daga nan zai ci gaba. Wanda ya yi azumi a kan hanya ya san darajar wannan.

Akwai sharuɗɗa. Yawancin irin waɗannan rediyo MP3 suke karantawa, kuma suna son kile da aka tsara a kwamfuta da tsarin da ake kira FAT32, gara kada ya wuce giga 32. Saƙon murya na WhatsApp ba MP3 ba ne, sai an juya shi a kwamfuta. Wurin ɗaurawa kuma ka tsaya a kan mai aikin. Wayoyi uku ne tushe: rawaya mai wuta kullum, ja mai samun wuta idan an murɗa makulli, baƙa ta jikin mota. Mai gaggawa yakan murɗe ja da rawaya wuri guda, rediyo ya riƙa shan batir mota na ajiye. Idan ya juya su, kullum da safe sai ka sake neman tashoshi. Haɗin da aka naɗe da leda ko tef mai araha, zafin bazara zai kwance shi.

To, jabu. Nan ne ake cin mutane, a babbar kasuwa da ma kayan da ake shigowa da su ta kan iyaka. Za ka ga sunan babban kamfani an sauya harafi ɗaya, ko an manna shi daidai a kan abin da kamfanin bai taɓa yi ba. Ɗauke shi a hannu. Na asali yana da nauyi, bayansa da kaurin ƙarfe mai shan zafi da fis nasa na kansa. Jabu kamar gwangwanin madara. Duba lambar samfurin da ke jikin takarda, ka buga ta a intanet nan take a gaban mai shago. In hoton da ya fito bai yi kama da abin da ke hannunka ba, ajiye. Kada lambar wat, wato ƙarfin sauti, ta ruɗe ka. Na asali ma da ke rubuta 50 sau huɗu, ƙarfin da yake bayarwa a kai a kai bai kai rabin haka ba, balle wanda ya rubuta dubbai. A na hannu, guji wanda aka datse wa wayoyi daga gindi ba soket, ko wanda fuskarsa da jikinsa ba lamba ɗaya ba. Sau da yawa kayan sata ne, kuma ba ka son wata rana mai shi ya gane abinsa a motarka a tasha.

Kile da katin memori sun fi komai jabu. A rubuta giga 64, cikinsa bai fi 8 ba. Kwamfuta ma za ta nuna maka 64, don an yi wa abin dabara. Kana zubawa yana karɓa, daga baya ka tarar fayiloli sun koma fanko. Haka na rasa karatun da na ɗauka da kaina a majalisin wani malaminmu da ya rasu, kuma ban bar kwafi a ko'ina ba. Yanzu duk wanda na saya sai na cika shi maƙil, in buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin in yarda da shi. Idan a shagon masu tura waƙoƙi za a zuba maka, ka bar asalin kayanka a gida, don kwamfutocinsu kan ɗauki ƙwayar cuta mai ɓoye fayil.

Ranar saye ka je da motar, da kilenka, da salularka. A haɗa rediyon a gabanka, ka ji kowace sifika ita kaɗai, ka tayar da inji ka taka totur ka saurari ko akwai kuka, ka bar shi yana aiki kamar minti 20 ka taɓa bayansa. Sannan ka kashe mota, ka zare makulli, ka ga ko ya mutu tare da ita, ka sake tayarwa ka ga ko ya tuna tashoshinsa. Sai bayan nan a yi maganar kuɗi, kuma ka nemi mai shago ya ba ka kwana uku na gwaji a gaban shaida.