Gargaɗi ga masu neman cikakken kundin kiɗan Mozart a intanet

Ina jan hankalin masu sha'awar tsohon kiɗan Turai, musamman ɗalibai da malaman kiɗa, game da 'yan damfarar da ke tallata akwatin faifan da ake kira Mozart 225 a kafafen sada zumunta. Kamfanonin Decca da Deutsche Grammophon ne suka fitar da shi a shekarar 2016, lokacin da shahararren mai tsara kiɗa Wolfgang Amadeus Mozart ya cika shekara 225 da rasuwa. Akwatin asali yana ɗauke da faifan CD guda 200, kiɗan kimanin awa 240, da littattafai biyu masu kaurin bango. Da yake ƙayyadadden adadi aka buga, samunsa ya yi wuya, kuma wannan ƙarancin ne macuta suke fakewa da shi.

Sukan kwafo hoton akwatin daga shafin wani, su sa masa farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, sannan su ja mutum zuwa WhatsApp, su nemi ya tura kuɗi kai tsaye cikin asusun banki kafin wani ya riga shi. Bayan ya biya, sai su ce kaya sun maƙale a hannun kwastan, a ƙaro wani abu. Daga nan lambar ta daina shiga. Waɗanda suke aiko da kaya kuwa, faifan da aka kwafa da kwamfuta suke turowa.

Gane jabu ba shi da wuya idan aka duba da kyau. Bayan faifan asali launin azurfa ne, kuma a zoben da ke kewaye da ramin tsakiya akwai ƙananan lambobin masana'anta, galibi da haruffan IFPI. Wanda aka kwafa a gida yakan yi sirkin kore ko shuɗi, kuma ba za a ga waɗannan lambobi ba. Abin takaici, wasu sai kiɗan ya fara tsalle-tsalle sannan suke farga.

Saboda haka, kafin ku biya ko sisi, ku nemi mai sayarwa ya ɗauko hoton akwatin a buɗe, da bayan faifai ɗaya, tare da takardar da ya rubuta kwanan watan ranar da hannunsa. Idan da PayPal za ku biya, kada ku yarda ya sa ku zaɓi hanyar tura wa 'yan'uwa da abokai, domin kuɗin da aka tura ta nan ba su da kariyar mai saye.