Zaɓen Makarantar Koyon Aikin Jinya a Kaduna: Abin Dubawa Kafin a Sayi Fom

Duk shekara, da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai ka ga iyaye daga Rigasa, Kawo, Unguwar Sanusi da Tudun Wada sun shiga cigiyar inda za su kai 'ya'yansu karatun nas, kuma a daidai wannan lokaci ne tallace-tallacen makarantu ke yawaita a bakin titi da cikin wayoyin mutane. Yawancin masu tambaya sukan fara da kuɗin makaranta ko kusancinta da gida. A ganina tambayar da ta kamata ta zo farko ita ce, shin wannan makaranta za ta iya kai ɗalibi gaban Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, ya zauna jarrabawarta, ya karɓi lasisi? Wannan hukuma, wadda aka kafa da doka a 1979, ita kaɗai ce ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozomomi rajista a ƙasar nan, kuma duk takardar da ba ta kai mai ita ga wannan rajista ba, komai kyan bugunta, ba ta mayar da shi nas a idon doka.

Na faɗi haka ne saboda abin da na gani a unguwarmu. Wata yarinya mai ƙwazo ta shafe shekara biyu a wani asibitin kuɗi tana koyon abin da suke kira aikin mataimakiyar nas, mahaifinta yana biya duk zango, an ɗinka mata farin kaya har an yi mata walimar yaye. Ranar da gwamnati ta buɗe ɗaukar ma'aikatan lafiya aka nemi lambar rajistarta, sai ta gane cewa ba ta da abin nunawa. Ta iya allura, ta iya ɗaura ruwa, amma dole ta koma ta sake rubuta JAMB tare da ƙannenta. Hukumar NMCN ba ta san da wannan horo na asibitocin kuɗi ba, kuma shekarun da aka ɓatar a cikinsa ba a rage wa mutum ko wata ɗaya daga karatun gaskiya saboda su.

Akwai kuma wani ruɗani na daban da ya kamata a warware. Karatun ma'aikacin lafiyar al'umma, wanda ake kira CHEW, irin wanda makarantar Shehu Idris ta Maƙarfi ta yi suna da shi, karatu ne halastacce mai amfani, kuma da masu shi ne ƙananan asibitocin ƙauyukanmu suka dogara. Sai dai wata hukuma ce daban ke yi musu rajista, matakin aikinsu ma daban ne. Wanda burinsa aikin jinya ne kada a lallashe shi da cewa duk ɗaya ne.

Ga wanda ya gama sakandare, manyan hanyoyin zama nas mai rajista biyu ne a yau. Ta farko ita ce jami'a, inda ake yin digirin kimiyyar jinya na shekara 5, kamar yadda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ɗalibai suna samun horon asibiti a asibitin koyarwa na Shika. A shekarun ƙarshe ɗalibi yakan zauna jarrabawar hukuma ta aikin jinya, sannan ta ungozoma, bayan kammalawa kuma ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti kafin ya tafi bautar ƙasa. Idan aka haɗa lissafi, shekara 7 ke nan kafin a tsaya da ƙafa sosai, wannan ma in yajin aikin malaman jami'a bai ratsa ba, kuma kowa ya tuna yadda na 2022 ya cinye wata 8. Abin da ake samu a madadin wannan haƙuri shi ne mataki mafi girma wajen fara aikin gwamnati, da buɗaɗɗiyar ƙofar digiri na biyu, da damar koyarwa ko shugabancin sashe nan gaba. Matsalarta gasa ce, domin guraben kaɗan ne, masu nema kuwa daga kowace jiha suke zuwa, kuma makin da zai shigar da ɗalibi wasu kwasa-kwasan kimiyya ba lallai ya shigar da shi wannan ba.

Hanya ta biyu ita ce kwalejojin jinya da ke jingine da asibitoci. A da tsarinsu shekara 3 ne, mutum ya fito da rajistar nas ko ta ungozoma, ba tare da takardar ilimin da za a auna da ta sauran makarantun gaba da sakandare ba. Yanzu ana mayar da su tsarin difloma da babbar difloma, shekara biyu-biyu, jimla 4, ƙarƙashin kulawar NMCN da kuma Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna a kan titin Bida. A wannan tsari ta JAMB ake shiga, a fita da babbar difloma haɗe da rajista, a kuma tafi bautar ƙasa. Abin lura a nan shi ne ƙaramar difloma kaɗai ba ta ba da lasisi, saboda haka wanda ya shiga ya shiga da niyyar shekara huɗu cif, iyaye ma su yi lissafin aljihunsu a kan haka tun daga farko. Tunda makarantu ba lokaci ɗaya suka sauya tsari ba, wajibi ne a tambayi kowace makaranta wanne take gudanarwa a shekarar da ake nema, a kuma ga amsar a rubuce cikin sanarwarta.

Jihar Kaduna ba ta da talaucin irin waɗannan makarantu. Kwalejin jinya da ungozoma ta gwamnatin jiha tana da mazauni a Kafanchan da rassa a Tudun Wadar Kaduna da Pambeguwa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana da tasa makarantar a Zariya. Akwai kuma na mishan da suka daɗe suna yaye ma'aikata, irin ta asibitin St. Gerard da ke Kakuri da ta St. Luke da ke Wusasa. Na gwamnati sun fi sauƙin kuɗi, shi ya sa cunkoson masu nema ya fi yawa a can, na mishan da masu zaman kansu kuwa sun fi tsada, ko da yake ba su cika shiga yajin aiki ba. Makarantun da ke asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, da Cibiyar Ido ta Ƙasa, da Cibiyar Kunne ta Ƙasa, an san su da kwasa-kwasan ƙwarewa ga wanda ya riga ya zama nas, don haka ɗan sakandare kada ya ɓata kuɗin fom a kan irin waɗannan kwasa-kwasai.

Idan aka tambaye ni wacce ta fi, zan ce ga yawancin gidajenmu, inda ake jiran yarinya ta fara kawo wani abu gida ko kuma maganar aure ta riga ta taso, kwaleji mai asibiti mai cike da majinyata ta fi dacewa. Ɗalibanta suna shiga ɗakin marasa lafiya da wuri, suna yin aikin dare, hannunsu yana faɗawa tun kafin su gama. Ƙofar digiri kuma ba ta rufe musu ba, domin nas mai rajista yana iya shiga jami'a kai tsaye ba daga ajin farko ba, ko ya yi digirin daga nesa ta cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa yana kan aikinsa. Amma ɗalibin da ya ci maki mai yawa, yake da ƙuruciya, gidansu kuma za su iya ɗaukar nauyinsa shekara 5 zuwa 6, ban ga dalilin da zai sa ya bi doguwar hanya ta kwaleji sannan digiri ba, gara ya nufi jami'a tun farko. Wannan shawara ta shafi maza kamar yadda ta shafi mata, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mahaifinsa a asibiti ya san yadda dattijo ke samun natsuwa idan namiji ne ke juya shi yana gyara masa jiki.

Amincewar hukuma ma tana da ciki. Kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da aka yarda ta ɗauka gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitin da take horo a ciki, kuma wannan adadi kaɗai hukuma ke sanya wa lamba a kundinta. Makarantar da ta kwashi fiye da kasonta saboda kwaɗayin kuɗin makaranta, rarar ɗalibanta za su yi ta zama suna jiran lamba, ƙannensu na aji suna cim musu. Saboda haka bayan an duba sunan makaranta a jerin da ke shafin hukumar na intanet, a duba wane kwas aka amince mata, domin amincewa da kwas ɗin ungozoma ba ta nufin amincewa da na jinya. Sannan uba ko yayan ɗalibi ya taka da ƙafarsa ya je. Ya tambayi ɗaliban ajin ƙarshe, ba ma'aikacin ofis ba, ko duk 'yan ajinsu sun sami lamba, su nawa suka zauna jarrabawar hukuma a zaman da ya wuce, su nawa suka haye. Ya leƙa ɗakin gwaji ya ga ko akwai mutum-mutumin koyon aiki da gadaje, ya ga ɗakin kwanan ɗalibai da ruwa da katanga, ya kuma auna nisan da ke tsakaninsa da asibiti, tunda yarinya za ta riƙa tashi daga aiki da dare ko da asuba. Maganar sutura ma a yi ta tun kafin a biya, a ji ƙa'idar makarantar kan hijabi da tsawon riga.

Sharuɗɗan shiga kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ana buƙatar kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu, kuma a JAMB ana haɗa Turanci da waɗannan darussan kimiyya uku. Wanda ya faɗi Fiziks ya gyara shi kafin komai, domin babu makarantar kirki da za ta rufe ido a kansa, wadda ta rufe ido kuwa hukuma za ta buɗe nata ranar sanya lamba. Dole ne sunan makarantar ya kasance cikin zaɓin ɗalibi a JAMB, ko ya sauya zaɓi zuwa gare ta, ya ɗora sakamakonsa na sakandare, ya kuma karɓi gurbin ta manhajar JAMB da ake kira CAPS. Gurbin da aka ba mutum da baki ko a takardar makaranta kaɗai, bai fito a can ba, yana iya hana shi bautar ƙasa bayan shekara huɗu.

Ƙaramin abin da ke wahalar da yaranmu fiye da kima shi ne saɓanin suna. Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a WAEC, sunan kaka a katin NIN, sunan uba a takardar shaidar ƙaramar hukuma, ko ranar haihuwa iri biyu. A daidaita waɗannan tun yaro yana ajin ƙarshe na sakandare, domin gyaransu yana cin watanni, ranar tantancewa kuwa ba ta jira. Kuɗin fom kuma a biya ta hanyar da makaranta ta sanar a shafinta, a riƙe rasit, kada a tura wa asusun wani mutum da ya ce yana da hanya a ciki.

Samun gurbi ma ba shi ne ƙarshen tantancewa ba. A al'adar makarantun jinya, watannin farko na share fage ne, inda ake ɗora wa ɗalibi ilimin sassan jiki da yadda suke aiki da tushen aikin jinya, sannan a yi jarrabawar da ke rage aji kafin a aika sunaye hukuma. A wannan zango ɗalibi yana buƙatar a sauke masa aikin gida da zirga-zirgar biki, a kuma tanadar masa kuɗin littattafai, kayan sawa na aiki, abin awon jini da kuɗin mota zuwa asibitocin da za a tura shi, waɗanda galibi ba sa cikin jimlar da aka rubuta a takardar kuɗin makaranta. Kuɗin sanya lamba da na jarrabawar hukuma su ma daban ake biyansu, don haka a nemi makaranta ta rubuto dukkan abin da za a biya daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe kafin a kwatanta ta da wata.