Shayin rumfar direbobin tasi a Landan

In kana Landan kana neman shayi mai zafi da arha, ka nemi ƴan korayen ɗakunan katakon nan da ke bakin titi, ni dai na Russell Square kusa da British Museum na fi zuwa. Ɗan mitsitsin ɗaki ne, don tun asali sharaɗin da aka gindaya shi ne kar girmansa ya wuce doki da kekensa tunda a kan titi aka kafa shi, har yanzu ma a jikin wasu za ka ga ƙarfen da ake ɗaure dawaki.

Shayin wallahi ba laifi, mai kauri da madara, ga burodi da ƙwai a soya maka nan take kana tsaye kana jin ƙamshi, kamar dai teburin mai shayi a tasha. Amma fa ta taga za a miƙo maka. Ciki sai direbobin baƙar tasi masu lasisi, waɗanda suka haddace titunan Landan suka ci jarrabawar nan The Knowledge, kuma mutum goma da ƴan kai kawai yake ɗauka. Wasu na ƙorafi a kan wannan, ni kam ya min daidai, ai don su aka yi. A da doka ta hana mai keken doki na haya, wato tasin wancan zamanin, barin kekensa a layi, ga sanyi ga ruwan sama, in ya samu mai tsare masa sai gidan giya, shi ne a 1875 su Lord Shaftesbury, wani basaraken Ingila, suka kafa asusun Cabmen's Shelter Fund aka fara gina ɗakunan nan, aka hana giya da caca da ashar a ciki.

Guda 61 aka gina, 13 kaɗai suka rage, gaskiya abin da ciwo. Yanzu dukkansu suna jerin gine-ginen tarihi na Grade II da ba a taɓawa sai da izini, na Wellington Place a St John's Wood shi ne na ƙarshe da ya shiga a 2024. Abin da ya fi burge ni ba a mai da su kayan kallo ba, har yau direba na ajiye mota ya shiga ya karya.

Ƴan uwa Musulmi a kula, naman alade na cikin abin da aka fi saye a irin wuraren nan, ka tambaya a kan me ake soya ƙwan, in ba ka natsu ba ka tsaya a shayi da burodi da cuku. Kuma ka je da safe, da yawansu ba sa kai yamma.