Dragon Age: Inquisition ko Diablo IV? Amsa ga ƙanenmu na Tumfure

Ƙanena, ka ɗauki Dragon Age: Inquisition, ka bar musu Diablo IV. Ka ce kuɗin faifan gem ɗaya na na'urar wasa ta PS4 ne a hannunka, kuma kana gudun abin da Baba, da yake dattijon ikilisiya ne, zai leƙo falo ya gani ya ce ka shigo masa da tsafi gida. Duka biyun na saya da kuɗina. Na farkon yana nan cikin durowata har yau, na biyun kuwa bai yi tsawon rai a ɗakina ba.

Bari in sallami Diablo tukuna, don maganarsa ba ta da yawa. Hotonsa da kyau, faɗansa da daɗi a hannu, wannan ba zan hana shi ba. Amma ba ya tashi sai da intanet, ko da kai kaɗai za ka buga, kuma sai ka buɗe asusun Battle.net, na kamfanin da ya yi wasan, ka haɗa. Kai da ke Tumfure ka fi ni sanin halin sabis da magariba. Kana tsakiyar faɗa da ƙaton dodo, sabis ya ɗauke, a jefo ka waje. Ga sabuntawa da ake turowa a kai a kai, kowace sai ta sha data son ranta. Da ya fito a Yunin 2023 kusan dala 70 aka sa masa, kuma ba a nan kashe kuɗin ke tsayawa ba.

Labarin ma bai kama ni ba. Wai wani mala'ika, Inarius, da wata aljana, Lilith, su suka yi duniyar mutane don su ɓuya daga yaƙin sama da wuta da ba ya ƙarewa, mutane kuma zuriyar wannan haɗin ne. Wasu sunayen na aro ne. Lilith daga tatsuniyoyin Yahudawa ta fito, Mephisto daga tatsuniyar Jamusawa, a tsofaffin fitowar wasan ma akwai Ba'al, wanda Iliya ya kunyata annabawansa 450 a Dutsen Karmel a 1 Sarakuna 18. Tunanin da ke ƙasan labarin kuwa, cewa haske da duhu ƙarfinsu ɗaya kuma babu mai shari'a a samansu, ba na coci ba ne. Ya fi kusa da koyarwar Mani, wani mai kafa addini a tsohuwar daular Farisa, wadda Agustin, mutumin ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya bi wajen shekara tara kafin a yi masa baftisma a Milan a 387, daga baya ya dawo yana rubutu yana rushe ta. Akwai majami'u da limamai a wasan, amma ado ne kawai, wurin wucewa ka je ka kashe na gaba.

Kada kuma in yaudare ka, Dragon Age ma akwai aljanu. Sama ce ta tsage suke zubowa, aikinka ka ɗinke ta. Bambancin shi ne a nan mutane ne tsakiyar labari, da cocinsu, da sarakunansu, da rigimarsu.

Kamfanin BioWare na Kanada ne ya yi shi, ya fito a Nuwamban 2014, shi ya ci kyautar gem na shekara a bikin The Game Awards na wannan shekarar. Farkonsa, shugabar cocin ƙasar, Justinia ta biyar, ta kira taron sulhu tsakanin masu sihiri da dakarun cocin da ke tsaronsu, waɗanda suka daɗe suna zub da jinin juna. Ana cikin taron wurin ya tarwatse, ita da manyan limamai suka mutu, kai kaɗai ka fita da rai da wata alama mai haske a tafin hannu. Rabin mutane na cewa kai ka kashe ta, rabi na cewa annabiyarsu ce ta aiko ka. Wasan kuma ba ya yanke maka hukunci. In an tambaye ka ko ka gaskata aiko ka aka yi, kana iya cewa i, ko a'a, ko ka ce kai ma ba ka sani ba, kuma abokan tafiyarka suna riƙe abin da ka faɗa.

Duk wanda ya ɗan zauna ajin tarihin ikilisiya zai yi ta murmushi, don ya san inda aka ɗebo kayan. Annabiyar tasu, Andraste, baiwa ce da ta ja mutane suka tayar wa daular Tevinter, mijinta Maferath ya bashe ta saboda hassada, aka ƙone ta da rai. Joan ta Arc ke nan, yarinyar Faransa da ta ja sojoji aka ƙone ta a 1431, an haɗa da cin amanar Yahuza. Sarkin da ya ba da umarnin ƙone ta, da tausayi ya kama shi sai ya soke ta da takobi don ya gajarta mata azaba, daga baya ya tuba ya bi koyarwarta. Ni dai nan take jarumin nan na Roma da ke gindin gicciye a Markus 15 ya faɗo mini a rai. Cocin nasu, Chantry, ya rabu biyu: na kudu mata ne limamai, na Tevinter namiji ne shugaba, kowa na kiran ɗan'uwansa ɓatacce, kamar yadda Roma da Kustantiniya suka raba gari a 1054, ko shekarun 1378 zuwa 1417 da aka yi Paparoma a Roma, wani a Abinyon ta Faransa. Dakarun cocin ma sunansu Templar, sunan ƙungiyar mayaƙan da Paparoma ya rushe a 1312. Suna da nasu yaƙe-yaƙen addini da suka kai wa wata ƙabila mai dogon kunne, Elf, suka ƙwace ƙasarta, kuma wasan bai wanke cocin daga wannan ba. Babban mugun labarin, Corypheus, yana cikin matsafan da girman kai ya sa suka kutsa birnin Mahalicci don su hau kujerarsa. Farawa 11 ke nan, hasumiyar Babila, a wata riga.

Abin da ya sa nake ganin girman wasan shi ne bai mai da masu bi wawaye ba, bai kuma mai da su tsarkaka duka ba. Akwai Roderick, jami'in coci mai son a bi tsari ko duniya na ƙonewa. Akwai Cassandra, soja mai ibada da gaske, wadda ta gano shugabanninta sun ɓoye mata gaskiya amma ba ta yar da bangaskiyarta ba. Akwai Leliana da mutuwar Justinia ta sa take tuhumar Mahalicci a fili. Akwai Uwa Giselle da ta bar gardamar manya ta je tana jinyar 'yan gudun hijira. Ka duba ikilisiyarku da kyau, duk huɗun suna zuwa sujadar Lahadi.

Akwai wani wuri da har yau nake tunawa. Abokan gaba sun rushe ƙauyen Haven, waɗanda suka tsira sun gudu cikin ƙanƙara da dare, shugabanni na ta ɗora wa juna laifi. Sai Uwa Giselle ta ɗauki wata waƙar sujada a hankali, mutum ɗaya ya karɓa, wani ya karɓa, har sansanin duka ya ɗauka. Ina buga wurin nan ne a falon gwaggona a Kaltungo lokacin hutun Kirsimeti. Ita shugabar waƙa ce a zumuntar mata, kuma a wurinta duk wani gem ɓata lokaci ne da man janareta. Ta fito daga madafa da ludayi a hannu za ta yi mini faɗa, sai ta tsaya. Ba ta jin Turancin sosai, amma ta saurara har aka gama, sannan ta ce, "Waɗannan an kore su daga gida ne ko?" Na ce i. Ta ce, "Haka ake yi," ta koma wurin tuwonta. Daga ranar ba ta ƙara cewa in kashe ba, sai dai in rage murya in Kawu na barci.

Sai siyasa, wadda ita ce rabin daɗin. Daular Orlais, da aka zana da kamannin Faransa ta da, tana cikin yaƙin basasa. Sarauniya Celene na kan karaga, ɗan'uwanta Gaspard na cewa gadonsa ne aka yi masa wayo a wurin masu zaɓen sarki, ga kuma Briala tana ja wa Elf ɗin da duka ɓangarorin biyu suke takawa. Za a gayyace ka liyafar sulhu a fada, kowa da abin rufe fuska, ana rawa ana gaisuwa ana shirya kisa. A daren nan takobi ba ya yi maka aiki sosai. Yadda ka gaisa, wanda ka tsaya da shi, sirrin da ka tsinto a ɗakunan baya, su ne makamanka. Kana iya ceton Celene, kana iya kau da kai a kashe ta, kana iya matsa wa su ukun su yi mulki tare suna harararar juna. Ko wanne ka zaɓa akwai wanda zai biya, kuma ba mai rawa a fada ba ne.

Wasan ya nuna masu biyan. Ka je filayen da sojojin biyu suka yi faɗa, gidaje a ƙone, gonaki babu mai nomawa. A wani yanki ma aikin da za a fara ba ka shi ne farautar raguna don masu gudun hijira su ci, da nemo musu barguna. Yaron Turai zai ga wannan aikin banza ne. Mu da muka ga Afrilun 2011, da aka sanar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa garuruwan Arewa suka kama da wuta har aka kashe masu bautar ƙasa a jihar Bauchi, ba ma ganinsa haka. Haka wanda ke Billiri a Fabrairun 2021, da maganar wanda zai gaji Mai Tangale ta kai ga tare hanyar Gombe zuwa Yola da dokar hana fita, ba sai an yi masa bayanin yadda rigimar kujera ke shiga kasuwa da wuraren ibada ba. Ba ina cewa labarin wasan namu ba ne, nasu ne, daga tarihin Turai suka gina shi. Amma da aka zaunar da ni a kujerar shari'a a Skyhold, sansaninmu a wasan, aka kawo mutumin da ya yi ɓarna don yana son ceton ɗansa, na daɗe riƙe da fad, abin sarrafa wasan, ban danna komai ba. A ƙarshe ma abubuwan da ka yi ne ke sa a naɗa sabuwar shugabar coci cikin mata uku, Cassandra ko Leliana ko wata mai sihiri Vivienne, kowace da inda za ta ja ikilisiya.

Yana da aibinsa. Turanci ne da yawa, rubutun kuma ƙanana, in talabijin ɗinku ƙarama ce sai ka matso. Yankin farko, Hinterlands, faɗi gare shi da ƙananan aike-aike marasa kan gado, mutane da yawa a nan suke gajiya su ajiye. Da ka tara abin da ake bukata ka wuce zuwa Val Royeaux, babban birnin Orlais, labarin na gaba. Sannan duka wasannin biyu na 'yan shekara 18 ne a ma'aunin Turai. A Dragon Age akwai jini, akwai ashar jefi-jefi, akwai neman soyayya da abokan tafiya, har da tsakanin jinsi ɗaya, da ɗan tsiraici a wasu wuraren. Zaɓi ne, in ba ka bi hanyar ba ba za ta zo maka ba, amma gara ka ji daga bakina. Kada ka bar wa su auta fad ka fita. Baba kuma kada ka yi masa ɓoye-ɓoye, ka gaya masa tatsuniya ce da aka gina da tarihin coci, in ya so ya zauna ya gani.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hankali da masu sayarwa, na cikin kasuwa da na WhatsApp duka. Wani zai ce zai zuba maka gem ashirin a farashin ɗaya. Ko dai ya yi wa na'urarka kutse, ranar da ta sabunta kanta komai ya tafi, ko kuma asusunsa ya sa maka, bayan ya karɓi kuɗi ya canza kalmar sirri ya sayar wa wani. Faifai ka nema, ka juya bayansa a haske, ka sa a gwada a gabanka har ya wuce allon farko, don akwai masu sa faifan ƙwallo na shekarun baya a kwalin wani gem su manne da leda. In an ce maka bugun da ke da ƙarin labarai ne, ka tambaya ko ƙarin na kan lambar saukewa ne, don lambar da aka riga aka yi amfani da ita ta mutu, kada a caje ka kuɗinta. In kuma daga baya za ka sayi ƙarin da ake kira Trespasser, wanda shi ne ainihin rufin labarin, sai yankin asusunka ya dace da yankin faifan, na Amurka da na Amurka, na Turai da na Turai. Tsohon gem ne, wanda aka yi amfani da shi bai kamata ya yi tsada ba. In mai kanti ya kira maka kuɗin sabon fitowa, ka yi masa sallama ka leƙa na gaba, canjin kuma ka sayi fad na biyu.